Ashe dama akwai kuɗin

Duk wanda ya taɓa buɗe baki ya ce ya kamata gwamnati ta riƙa tallafa wa wanda ya rasa aiki, ko ta sama wa masu kwana a titi ɗan ɗakin da za su sa haƙarƙarinsu, ko a bar talaka ya ga likita ba sai ya sayar da abin da ya mallaka ba, to ya san amsar da ake ba shi, don amsar ɗaya ce ko a wace ƙasa kake. Babu kuɗi. Wai tattalin arziki ba zai ɗauka ba, wai mutane za su koma cima-zaune, wai kai dai ba ka san lissafi ba ne shi ya sa kake surutu. Shekara da shekaru ana nanata mana wannan magana har wasunmu suka fara yarda. Sai ga korona.

Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin ya zama annobar da ta game duniya. Kafin watan ya ƙare, ranar 27, Amurka ta sa hannu a dokar kashe dala tiriliyan 2.2, aka tura wa yawancin manya dala 1,200 kowanne, aka ƙara wa marasa aiki dala 600 duk sati a kan abin da suke karɓa, kuma fa a ƙarƙashin Trump aka yi wannan, ba wani ɗan gurguzu ba. A Birtaniya gwamnatin 'yan mazan jiya, wadda ta shafe shekara goma tana yanke kuɗin tallafi da sunan tsuke bakin aljihu, ita ce ta ce wa kamfanoni kada ku kori kowa, za mu biya kashi 80 cikin 100 na albashin ma'aikatanku har zuwa fam 2,500 a wata. A Ingila kuwa masu kwana a bakin shaguna da tashoshin jirgi, waɗanda aka daɗe ana cewa matsalarsu ta gagari kowa, cikin 'yan kwanaki aka kwashi dubbai aka zuba a otal-otal. Cikin kwanaki fa. Bolsonaro na Brazil da ya riƙa kiran cutar 'yar mura, majalisa ta tilasta, sai da gwamnatinsa ta raba real 600, kuɗin ƙasar, a wata ga mutum sama da miliyan 60. Afirka ta Kudu ta fito da tallafin rand 350. Har Togo, ƙaramar ƙasa wadda ba wanda zai kira ta mai kuɗi, ta ƙirƙiro tsarin Novissi tana tura wa masu ƙananan sana'o'i kuɗi ta waya, kuma abin da ya burge ni da su, na mata ya fi na maza yawa, don sun san wa ke riƙe da gida.

To ina kuɗin suka fito? Ai dama suna nan, ko a ce hanyar samo su tana nan, so ne babu. Ni wannan shi ne babban abin da annobar nan ta tona, kuma shi ne abin da ake ta ƙoƙarin a sa mu manta.

Don ku ga abin da ya biyo baya. A 2021 Amurka ta faɗaɗa tallafin yara, daga Yuli zuwa Disamba iyaye na samun har dala 300 a wata kan kowane ƙaramin yaro, 250 kan wanda ya ɗan tasa. Hukumar ƙidayar ƙasar da kanta ta ce talaucin yara ya faɗi zuwa kashi 5.2 cikin 100 a shekarar, ba a taɓa ganin ya yi ƙasa haka ba. Sai majalisar dattawa ta ƙi sabuntawa, Sanata Joe Manchin ya kafe, tallafin ya mutu a ƙarshen Disamba. A 2022 adadin ya koma kashi 12.4. Wato an gwada magani, an ga ya yi aiki, an auna an rubuta, sannan aka ɗauke shi ido na ganin ido. Haka Birtaniya ta janye ƙarin fam 20 na sati da ta yi wa masu karɓar tallafi a Oktoban 2021. Bayan wannan wallahi ban ga yadda wani zai zo ya ce min talaucin yara ƙaddara ce da ba a iya komai a kai ba, 'yan siyasa ne suka yanke shawarar, kuma an san sunayensu.

Amma kafin a kai nan ma, tun ranar farko an nuna mana waye ake lissafawa da shi. "Ku zauna a gida, ku wanke hannu, ku ba da tazara." Shawara ce mai kyau, ba na musu, sai dai wanda ya tsara ta yana da gida mai ɗakuna, da famfo mai kawo ruwa, da albashin da zai shigo ƙarshen wata ko ya fita ko bai fita ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun nuna a 2020 mutum uku cikin goma a duniya ba su da wurin wanke hannu da ruwa da sabulu a gidajensu. Mai hannu baka hannu ƙwarya kuma in ka ce masa ya zauna a gida sati uku, ka san abin da ka ce masa.

Indiya ce ta fi fito da abin fili. Ranar 24 ga Maris 2020 da ƙarfe takwas na dare Firaminista Narendra Modi ya fito a talabijin ya ce daga sha biyun dare an rufe ƙasa ta mutum biliyan 1.3. Awa huɗu ya ba su. Aka tsayar da jiragen ƙasa, aka tsayar da motocin haya, masana'antu suka rufe, masu gidajen haya suka fara korar 'yan ci-rani tunda ba su da abin biya. Miliyoyi suka kama hanyar ƙauyukansu da ƙafa, kaya a ka, yara a kafaɗa, wasu tafiyar ɗaruruwan kilomita. Ranar 8 ga Mayu kusa da Aurangabad wasu leburorin masana'antar ƙarfe da suke bin layin dogo a ƙafa za su gida Madhya Pradesh, gajiya ta kama su, suka kwanta a kan layin suna ganin ai an hana jirage tafiya. Na fasinja aka hana, na kaya yana aiki. Da asuba jirgin kaya ya bi ta kansu, mutum 16 suka mutu. Ba a sa su cikin lissafin waɗanda korona ta kashe ba, tunda ba ita ta kashe su ba, amma ka gaya min da a ce an ba su kwana uku da tikitin jirgi, me zai kai su kwanciya a kan dogo? A daidai lokacin kuma ƙasar ta fara aika jiragen sama su kwaso 'yan ƙasarta da suka maƙale a ƙasashen waje. Ban ce kada a kwaso su ba. Na ce dai a duba.

Sai kuma waɗanda aka ce su kada su zauna a gida, wai aikinsu ya zama dole. Nas-nas, masu shara a asibiti, masu kula da tsofaffi, direbobin bas, masu jera kaya a manyan kantuna, masu kai saƙo a babur, ma'aikatan mayanka. In ka jera sunayen ayyukan nan ka ɗauko takardar albashi, za ka ga kusan duk su ne a can ƙasa. Duniya ta tsaya cik, aka gane ba a iya kwana ɗaya babu mai kwashe shara amma ana iya wata shida babu manajan da ke kiran mitin. Me aka ba su? Tafi. A Birtaniya duk Alhamis ƙarfe takwas na dare mutane na fitowa ƙofar gida suna tafa wa ma'aikatan lafiya, har da firaminista, alhali a wasu asibitoci nas-nas na ɗaura ledar shara a jiki saboda rigar kariya ta ƙare. Da maganar ƙarin albashi ta taso a 2021 gwamnati ta fara da tayin kashi 1 cikin 100. Ƙarshen 2022 sai ga nas-nas ɗin a titi suna yajin aiki. Kuma a tuna, kusan kashi 70 cikin 100 na ma'aikatan lafiya da kula da jama'a a duniya mata ne, su ne kuma in sun dawo gida suke tarar da yara ba makaranta da tsofaffi ba mai kula.

Maganar launin fata ma a nan ta shigo, ba wai don ƙwayar cutar tana zaɓen fata ba. Likitoci goma na farko da suka mutu a Birtaniya duk baƙar fata ne ko 'yan asalin Asiya da Gabas ta Tsakiya. Ofishin ƙididdigar ƙasar ya ce a farkon annobar namiji baƙar fata ya fi farar fata tsaransa haɗarin mutuwa sama da ninki huɗu. Dalilin a bayyane yake, su ne a aikin da ba a yi daga gida, su ne a cunkushe a ƙananan gidaje, su ne da hawan jini da ciwon suga da ba a kula da su da wuri ba. Shi ya sa da ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd, wani baƙar fata, da gwiwa sama da minti tara har ya mutu a Minneapolis ta Amurka ranar 25 ga Mayu 2020, abin ya fashe har ƙasashen da ba su san inda garin yake ba. Mutumin nan aikin gadi yake a wani gidan rawa, dokar kulle ta raba shi da aikin, kuma kan zargin jabun dala 20 aka kama shi. Masu cewa me ya kawo zanga-zanga ana tsakiyar annoba, ai su ne suke ganin abubuwa biyu ne daban. Waɗanda suka fito titi da takunkumi a fuska a wurinsu duk labari ɗaya ne.

Yanzu bari in taɓa namu ɓangaren, masu cewa muna tare da talaka, don mu ma ba mu fita fes ba. Da yawa daga cikin masu ra'ayin kawo sauyi, musamman masu aiki da kwamfuta daga falo, sun mayar da dokar kulle kamar wata alamar imani, duk wanda ya yi tambaya a kanta sai a ce jahili ne ko yana son mutane su mutu. Alhali mai tambayar wani lokaci mai tura baro ne da yaransa ba su ci ba tun jiya. Kulle ba tare da ciyarwa ba zalunci ne, ko da niyya mai kyau aka yi shi, kuma ya kamata a ce mu ne muka fi kowa ɗaga murya a kai. A Nairobi ɗan sanda ya harbe yaro ɗan shekara 13 yana tsaye a barandar gidansu a kwanakin farko na dokar hana fita. A ƙasashe da dama an zane mutane da kulki, an sa su tsallen kwaɗo, an rusa rumfunan masu ƙananan sana'a da sunan kiwon lafiya. Su kuwa masu kafa dokar, a fadar firaministan Birtaniya liyafa aka riƙa yi lokacin da aka hana mutane zuwa jana'izar iyayensu, ƙarshe aka ci firaministan na lokacin, Boris Johnson, tarar fam 50. Fam hamsin!

Makarantu kuma nan ne na fi jin zafin shirun da aka yi. UNESCO ta ce a lokacin da abin ya kai ƙololuwa ɗalibai kusan biliyan 1.6 ne suke zaune a gida. Aka ce a koma karatu ta intanet, kamar kowa yana da waya da data da wutar caji, UNICEF ta lissafa yara aƙalla miliyan 463 da ba su da hanyar samun karatun daga nesa ko ta rediyo ko ta talabijin ko ta intanet. Uganda sai da ta yi kusan shekara biyu makarantu a rufe, sai Janairun 2022 aka buɗe, kuma yaran da suka shiga aikatau da 'yan matan da suka samu ciki a tsakanin, da yawansu ba su dawo ba. Ɗan mai kuɗi bai rasa komai ba, an ɗauko masa malami har gida. An buɗe mashaya da gidajen cin abinci a wasu wurare kafin a buɗe firamare, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka wa ke da murya.

Amma inda aka yi abin kunyar da ya fi kowanne shi ne rigakafi. Tun kafin a gama gwaji ƙasashe masu kuɗi suka yi layi suka saye abin da ba a ma sarrafa ba tukuna, Kanada ta yi odar abin da zai ishi jama'arta ninki wajen biyar. Aka kafa COVAX, shirin haɗin gwiwa na saye da raba wa ƙasashe rigakafi, wai don kowa ya samu, sai ta tarar da kasuwa an riga an kwashe. Ranar 18 ga Janairu 2021 Tedros, shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, ya ce an yi allura sama da miliyan 39 a ƙasashe masu arziki aƙalla 49, amma a wata ƙasa matalauciya allura 25 kacal aka yi, ya ma nanata cewa ba miliyan 25 yake nufi ba, ba dubu 25 ba. COVAX ta dogara da masana'antar Serum ta Indiya, da nau'in korona na Delta ya ɓarke can a 2021 Indiya ta dakatar da fitar da allurar, shi kenan Afirka ta zauna jira. Matashi lafiyayye a Turai yana karɓar allura ta uku, nas ɗin da ke ɗakin masu korona a wata ƙasar ba ta samu ta farko ba. Da aka tashi kyauta kuma wasu alluran sun zo saura kwanaki su lalace, aka ƙona, sai labari ya koma wai mutanen can ba sa son rigakafi.

Kuma fa an kawo mafita. A Oktoban 2020 Indiya da Afirka ta Kudu suka je Ƙungiyar Ciniki ta Duniya suka ce a jingine haƙƙin mallakar fasahar rigakafi da magunguna da kayan gwaji na ɗan lokaci, duk masana'antar da za ta iya ta sarrafa. Ƙasashe sama da 100 suka goyi baya. Tarayyar Turai da Birtaniya da Suwizalan suka toshe, aka yi ta jan ƙafa har Yunin 2022, wata ashirin, sannan aka fito da wata 'yar yarjejeniya da aka zare mata laka, rigakafi kawai ta shafa, magani da gwaji babu. Hujjarsu wai in aka taɓa riba kamfanoni za su daina bincike. To waye ya biya kuɗin binciken? Rigakafin Moderna da masana cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka aka haɗa shi, da biliyoyin kuɗin masu biyan haraji. BioNTech, wadda ta haɗa nata rigakafin tare da Pfizer, ta karɓi ɗaruruwan miliyoyin yuro daga gwamnatin Jamus. Jama'a suka ɗauki kasadar, riba ta tafi aljihun masu hannun jari, Pfizer kaɗai ta yi cinikin kusan dala biliyan 37 a rigakafin a 2021. Kuma ba yau aka fara ba, wanda ya san tarihin ƙanjamau ya san kamfanonin magani 39 sun kai gwamnatin Afirka ta Kudu kotu kan ƙoƙarinta na samo magani mai araha, sai a 2001 da duniya ta yi musu ca suka janye, a shekarar ne kuma kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai ba da maganin shekara guda a dala 350, abin da ake sayarwa sama da dala 10,000. An san darasin sarai, ba mantuwa aka yi ba.

Sakayyar da aka yi wa masu gaskiya ma abin dariya ce mai ciwo. A Nuwamban 2021 masana a Botswana da Afirka ta Kudu suka gano nau'in Omicron suka sanar da duniya ba ɓata lokaci, washegari aka fara rufe wa ƙasashen kudancin Afirka ƙofa. Daga baya aka gano cutar tana Holan tun kafin sanarwar. Gobe in wata ƙasa ta ga sabuwar cuta ta yi gum da bakinta, wa za a zarga?

Na san abin da za a ce min, ai kuɗin da aka watsa ne ya jawo hauhawar farashin da duniya ta sha daga baya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba zan ce babu ba, amma a haɗa da masana'antun da suka tsaya, da jiragen ruwan da suka yi cirko-cirko a tashoshi, da yaƙin Yukren da ya ɓarke a Fabrairun 2022 ya tayar da farashin makamashi da hatsi. Sannan in za a yi lissafin inda kuɗi suka tafi a yi shi duka. Ƙungiyar agaji ta Oxfam ta ce a shekara biyun farko na annobar dukiyar mutum goma mafiya arziki a duniya ta tashi daga dala biliyan 700 zuwa tiriliyan 1.5, a lokacin da Bankin Duniya ke cewa mutum kusan miliyan 70 sun faɗa matsanancin talauci a 2020 kaɗai, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuma ta ce awannin aikin da aka rasa a shekarar sun kai na cikakken aiki miliyan 255. Manyan bankunan gwamnati sun zuba tiriliyoyi a kasuwar hannun jari da takardun bashi, mai kadara ya wayi gari kadararsa ta ninka yana kwance. Amma in an tashi neman mai laifi sai a nuna uwar da ta karɓi dala 300 ta saya wa ɗanta takalmi. Haba.

Za kuma a ce ai ƙasashe matalauta ba za su iya irin wannan kashe kuɗin ba, wannan gaskiya ne, sai dai a tambayi dalili. A Agustan 2021 IMF, wato Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ta ƙirƙiri kuɗin ajiya na dala biliyan 650 ta raba, amma rabon bisa girman hannun jarin ƙasa aka yi, Afirka gaba ɗayanta ta tashi da wajen biliyan 33, Amurka ita kaɗai sama da biliyan 100, ita da ba ta ma buƙata. Bashi kuma ƙasashen G20 masu ƙarfin tattalin arziki ba yafewa suka yi ba, ɗage biya suka yi zuwa ƙarshen 2021, masu ba da bashi na 'yan kasuwa kuwa kusan duk suka ce ba ruwansu. Zambiya ta kasa biya a Nuwamban 2020. Ƙasa tana neman kuɗin iskar oksijin, masu bin bashi suna tsaye a ƙofa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 14.9 ne suka mutu a 2020 da 2021 fiye da yadda aka saba, ta kuma ɗage dokar ta-ɓacin a Mayun 2023. Abubuwan da ya kamata a ce an riƙe daga wancan lokacin ba su da wani sarƙaƙiya, ma'aikaci in ba shi da lafiya a biya shi ya kwanta, don wanda zai rasa abincin yau in ya zauna to zai fita da zazzaɓinsa ya shafa wa kowa, a yi rajistar masu sana'ar hannu tun yanzu yadda tallafi zai same su a rana ɗaya kamar yadda Togo ta gwada, kuma duk maganin da aka haɗa da kuɗin jama'a a rubuta tun a kwangila cewa za a raba fasaharsa. A Mayun 2025 ƙasashe suka amince da yarjejeniyar tunkarar annoba ta gaba bayan shekara uku ana ja-in-ja, amma ɓangaren da ya shafi yadda za a raba rigakafi da magani ga ƙasashen da suka ba da samfurin ƙwayar cuta, shi aka ɗage sai an sake zama. Amurka kuwa ba ta ma zauren, tun Janairun shekarar Trump ya sa hannu a takardar ficewa daga hukumar.